Ranar da Na Jefa Ƙusa a Injin Surukina

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Argungu ba, ranar da na ɗauki ƙusa da hannuna na jefa a injin casar shinkafar surukina, a gaban mutane, ina murmushi. Ba wanda ya sa ni. Hasali ma an hana ni.

Bari in fara da aikina, domin shi ne tushen wahalar. Ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne a sashen lantarki na wata makarantar koyon fasaha a Birnin Kebbi. Aikina tsara sakit, wato hanyar da wuta za ta bi a cikin ƙananan na'urori, da koya wa ɗalibai yadda za su haɗa ba tare da sun ƙona mana gini ba. Shekaru ina wannan aikin, kuma na gaji da shi irin gajiyar da mutum ke yi da abin da yake so. Amma babu abin da ya gajiyar da ni kamar yi wa surukina bayaninsa.

Alhaji Umaru, mahaifin matata Luba, mutumin kirki ne. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma da ya je Makka ni kaɗai a cikin surukansa ya kawo wa zoben azurfa (sauran hula da dabino suka samu, kuma har yau ba su yafe mini ba). Matsalarsa ɗaya ce. Duk wanda ya tambaye shi sana'ar mijin Luba, sai ya ce, "Gyaran rediyo shi ka yi." Na yi bayani a falonsa, na yi a mota, na yi a wurin suna, har takardar shaidata na taɓa nuna masa. Ya duba ta, ya sa albarka, washegari aka tambaye shi ya ce gyaran rediyo. Ba na raina masu gyaran rediyo, wasunsu sun fi ni abin hannu nesa ba kusa ba. Ina dai so ne, ko sau ɗaya kafin in mutu, in ji bawan Allahn nan ya kira aikina da sunansa.

Alhaji yana da injin casar shinkafa a Argungu, can gefen gari ta wajen gulbi. Babban abin da ke damunsa ƙarfe ne. Shinkafar da ake kawo masa a bakin titi aka shanya ta, ko a tsakar gida, don haka takan zo da ƙusa, da guntun waya, da marfin kwalba, da basillar ɗinkin buhu. Da yake kuma manoman wurin rabinsu masunta ne, har ƙugiyar kamun kifi takan shigo. Da zarar ɗaya ta faɗa cikin injin sai ta yaga rariyar da ke raba shinkafa da ɓuntu, aiki ya tsaya sai an nemo wata. Bawa, mutumin da ya fi shekara ashirin yana tuƙa injin, ya ɗaure mayen ƙarfen tsohuwar sifika a bakin mazurari. Yana kama wasu, wasu su wuce.

Wata Sallah muna zaune ana hira Alhaji ya kawo kukan rariya. Ni kuwa na ci na ƙoshi, bakina ya buɗe. Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne, zan haɗa masa na'urar da za ta ji ƙarfe tun kafin ya isa bakin injin, kuma ba za ta wuce kwalin ashana ba. Wannan maganar kwalin ashanar ba wanda ya tambaye ni ita. Ni na ƙara ta don armashi.

Abin ba wani sihiri ba ne. Za ka naɗe siririyar wayar tagulla a kan ɗan baƙin sandan nan da ke cikin tsohuwar rediyo (na sani, rediyon dai, kada ku gaya wa Alhaji), ka haɗa ta da wasu ƙananan kayan lantarki biyu, kafasita da transista, sai wuta ta riƙa kai da kawo a cikin naɗin kamar lilo. Idan ƙarfe ya matso kusa sai ya riƙa shan ƙarfin lilon, lilon ya yi sanyi. Daga nan sai ka sa wani sashe mai gadi, wanda aikinsa kawai ya lura: da zarar lilon ya ragu ya kai wani mataki, ya kunna ƙararrawa. Matakin kai za ka saita shi, da wani ɗan maɓalli da ake juyawa da sukundireba. Ba ruwan na'urar da shinkafa, ba ruwanta da katako ko roba ko ƙura. Ƙarfe kawai ta sani, kuma kowane iri, har wanda mayen ƙarfe ba ya kamawa: tagulla, alminiyom, azurfa, duka. Ku riƙe wannan maganar, domin ni da na faɗe ta ban riƙe ta ba.

Inda cika bakina ya fara cin ni shi ne girman naɗin. Duk wanda ya san aikin ya san babban naɗi ya fi jin ƙarfe daga nesa, ƙarami kuwa sai ƙarfen ya kusa taɓa shi. Da na yi naɗi mai faɗin murfin kofi, da na gama a mako guda na huta. Amma na riga na ce kwalin ashana a gaban surukai, don haka na matse komai, na rage naɗin, na cusa kayan suna numfashi da ƙyar. Da naɗin ya zama ƙarami, dole na saita mai gadin a bakin-bakin mataki, yadda ko 'yar ƙugiya ta gifta zai ji. Wata biyu na yi ina wannan fama a gidanmu da ke unguwar Badariya a Birnin Kebbi, bayan la'asar, cikin zafin nan da ke sa mutum ya tsani kansa. In na saita da safe, rana ta yi, zafi ya sauya halin transista, saitin ya gudu. In na gyara wannan, a ɗauke wuta, na'urar liƙa waya ta huce a hannuna. Kaya guda ɗaya da ya ƙone sai da na jira mako biyu kafin direban da na ba saƙo ya tuna da ni.

Teburin aikina na gida na ƙarfe ne. Da yake ni gwani ne, na san ba a gwada irin wannan na'ura a kan ƙarfe, don haka kullum sai in ɗaga ta sama a hannun hagu, nesa da teburin, in riƙa gifta ƙusa da hannun dama ina juya maɓallin. Haka na saita ta, haka na gwada ta, sau ɗari ko fiye, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Har alfahari nake da wannan taka-tsantsan ɗin.

Luba ce kaɗai ta ga wani abu. Wata rana tana shara ta tarar da na'urar a kan tabarma, ƙusa kwance a jikinta, ita kuma shiru. Ta ce, "Abin ga naka awa jariri, sai an ɗauke shi shi ka kuka." Na yi mata dariyar masu ilimi, na ce ƙusar ce ba ta daidaita da fuskar naɗin ba. Na ɗauka, na gifta ƙusar, ta yi ƙara. Luba ta ce to, ta ci gaba da shararta. A zaman aurenmu na lura duk lokacin da ta ce "to" ɗin nan akwai abin da ke jirana a gaba, amma ban taɓa koyon darasi ba.

Ranar Asabar ɗin na sa sabon yadi, na kama hanyar Argungu da sassafe. Lokacin girbin shinkafar rani ne, injin a cike. Mata masu turara shinkafa sun jera buhuna da kwanoni tun daga ƙofa har bakin hanya, kowace tana tsaron layinta. Na zo da kwararo na katako da na sa kafinta ya yi mini, wanda shinkafar za ta gangaro ta cikinsa a baje kafin ta faɗa injin. Na'urar za ta zauna a ƙarƙashinsa. In ta ji ƙarfe za ta yi ƙara, wata 'yar ƙofa a ƙarshen kwararon ta faɗo ta tare shinkafar, a tsince ƙarfen a ci gaba. Ko ƙusa ɗaya ban bari kafintan ya buga a tsakiyar kwararon ba, da gam aka haɗa shi.

Sai na shiga ba da umarni, kuma wannan ɓangaren ne ya fi yi mini ciwo in na tuna. Na sa Bawa ya kwance mayen ƙarfensa, na ce zamaninsa ya wuce. Ya dube ni, ya dubi Alhaji, ya kwance ya sa a aljihu, na ce a'a, aljihun ma ya yi kusa, ya kai waje. Na sa aka janye bokiti. Na sa wani dattijo ya matsa da sandarsa saboda tana da ƙarfe a gindi. Wata tsohuwa mai suna Inna Kulu, wadda ita ce a gaban layi, na roƙe ta ta ja baya da kwanonta da awarwaronta. Na tsaya a tsakiya ina nuna mutane da yatsa ina cewa duk mai ƙarfe a jikinsa ya yi nisa, na'urar nan tana da ji.

Gwajin farko ya yi kyau har ya so ya yi yawa. Na riƙe na'urar a hannu na gifta ƙusa, ta yi ƙara. Na gifta basilla, ta yi ƙara. Wani masunci ya ciro ƙugiya daga hularsa ya miƙo, ita ma ta ji ta. Mata suka fara salati. Na tallafe ta a ƙarƙashin kwararon, Bawa yana ɗaure ta da roba, na ce a gangaro da ƙusa a gani, ƙofa ta faɗo tas. Na saci kallon Alhaji na ga yana gyaɗa kai, har ya juya ya ce wa wani abokinsa, "Mijin Luba na." Na kasa kunne in ji ko zai ƙara da rediyo. Bai ƙara ba. Wallahi daɗin da na ji a lokacin, ko ranar da aka ɗauke ni aiki ban ji irinsa ba.

Da na tsaya a nan, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma sai na ce a tada injin a zuba shinkafa, zan jefa ƙusa a ciki kowa ya gani da idonsa. Alhaji ya ce ba sai an yi haka ba, gwajin da aka yi ya isa, kuma rariyar da ke ciki ita ce ta ƙarshe da yake da ita, shekaranjiya aka sa ta. Bawa ma ya ce a bari ƙarfen ya zo da kansa, ai ba ya fashi. Na ce, "Baba, in dai ƙusar nan ta wuce, ka daina kirana surukinka." (Allah ya sa bai ɗauki maganar da muhimmanci ba.)

Aka tada injin, aka juye buhun Inna Kulu, shinkafar da za ta kai kasuwa washegari. Na zaɓi ƙusa 'yar inci uku, na ɗaga ta sama kowa ya gani, na jefa a cikin shinkafar. Sannan na ja da baya taku uku, na harɗe hannuwana a baya kamar mai duba makaranta.

Na ga ƙusar da idona tana gangarowa. Ta zo daidai kan na'urar, ta wuce ta kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Ƙofa ba ta motsa ba. Abin da ya biyo baya wata ƙara ce da har yau nakan ji ta in ina cin tuwon shinkafa, kamar an zuba tsakuwa a tukunya ana juyawa, sai injin ya fara aman shinkafa da ɓuntu a haɗe, rabinta a farfashe. Bawa ya yi tsalle ya kashe. Bel ɗin injin ya ƙarasa juyawa ya tsaya.

Na ruga na tallafi na'urar, na ciro wata ƙusar daga aljihu na gangaro da ita. Ta yi ƙara, ƙofa ta faɗo. Na ce kun gani, tana aiki. Na sake ta na miƙe, na sake gangarowa, shiru. Na taɓa, ƙara. Na saki, shiru. Na yi haka ya fi sau biyar, gumi yana bin bayana, sabon yadin ya manne mini, ina ta surutun da ni kaina ban san ma'anarsa ba, ina ambaton batir da zafi da girgizar injin. Inna Kulu tana tsugune tana tsintar abin da ya rage na shinkafarta, ko ɗago kai ba ta yi ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bawa ne ya matso, yana goge hannu da tsumma, ya yi magana a hankali kamar mai jin nauyi. "Malam, kac ce kowa shi hid da ƙarhe. Zoben ga naka hwa, katako na?"

Na dubi hannuna na hagu. Zoben azurfar Makka yana nan a yatsana, inda yake tun ranar da aka ba ni shi, ko alwala ba na cire shi, sai dai in juya shi. A nan take komai ya warware a kaina. Wata biyu ina saita na'urar zoben yana manne da naɗin yana shan rabin ƙarfin lilon, ƙusa kuwa ɗan abin da ya rage kawai take ƙarasawa. In babu zoben, ƙusa ita kaɗai ba ta isa ta kai mai gadi matakin da na sa masa ba. Na guje wa tebur, na kori bokiti, na kori sandar dattijo da awarwaron tsohuwa, ashe ni ne ƙarfen. Abin da nake koya wa 'yan shekarar farko a makon farko ke nan, har nakan rage musu maki a kansa.

Na cire zoben na ɗora shi a gefen na'urar, na gangaro da ƙusa, ta yi ƙara ba tare da na taɓa ta ba. Maimakon wannan ya wanke ni sai ya ƙara dagula lamarin. Wata mata ta ce ai dama, abin da ya fito daga Makka ba ya rasa albarka. Masuncin nan mai ƙugiya ya matso yana tambayata a asirce ko zoben yana yi wa kifi. Na fara bayanin lilo da naɗi da yadda azurfa ke shan ƙarfin wuta, ba mai saurarena. Kunya ta rufe ni.

Alhaji bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na gode. Ya tsaya ya dubi yagaggiyar rariyar da Bawa ya ciro, ya dubi layin matan da suka fara ɗaukar buhunansu za su wani injin, ya dubi zoben. Sannan ya ce, cikin tausayi na gaske, "Tau, Malam, ka bar muna zoben ka koma Birni ka huta. Shi ya iya aikin."

Sai ranar Litinin aka samo rariya. Kwana biyu injin yana tsaye a tsakiyar girbi, ni na jawo. Bawa ya mayar da mayen ƙarfensa inda yake. Na je har gida na ba Inna Kulu haƙuri da buhun shinkafa, ta karɓi haƙurin, ta ce in riƙa jin maganar manya. Da na dawo Badariya na ba Luba labari ba ta yi dariya ba sai da na shiga wanka, ina jin ta ta bango.

Na sake aikin daga farko, da naɗi mai faɗin murfin kofi kamar yadda ya kamata tun asali, a cikin akwatin roba mai muni wanda ba ya shiga kowane aljihu. Na saita shi a kan benci na katako, hannuna babu komai, na yi nisa. Yana can yana aiki, kaka uku ke nan, rariya ba ta yage saboda ƙarfe ba. Zoben kuwa Alhaji ya ƙi yarda a raba shi da injin. Da na nuna masa cewa yanzu in zoben ya matso kusa ɓata saitin zai yi, sai ya sa aka rataye shi da zare a jikin bango, can sama, yana kallon kwararon. Duk wanda ya yaba wa injin, bangon ake nuna masa.

Yanzu duk ranar gwaji, kafin in taɓa komai, nakan cire agogo, in zazzage makullai da canjin aljihu a kan kujera, in juya hannuwana gaba da baya ina dubawa. Ɗalibai sun ɗauka wata addu'a ce nake yi, ni kuma na gaji da bayani, na bar su a haka. Abin da na koya dai bai da yawa: in za ka kori kowa daga wurin aiki saboda zai ɓata maka, fara lalube kanka, kuma in matarka ta ce "to", ajiye sukundireba ka tambaye ta me ta gani.

Watan jiya mun je suna Argungu, ina bayan Alhaji wani baƙo ya tambaye shi sana'ar mijin Luba. Na tsaya da cin naman da ke hannuna. Ya ce, "Gyaran rediyo shi ka yi. Amma shina da zobe mai kyau ƙwarai, ni nik kawo mai shi."